Aikin mai a teku da aikin matatar mai

Aikin mai a teku da aikin matatar mai fannoni biyu ne na masana'antar man fetur waɗanda masu son sauya sana'a suka fi sa wa ido. Na farko yana sashen haƙowa, inda ake fito da ɗanyen mai da iskar gas daga ƙarƙashin teku. Na biyu yana sashen sarrafawa, inda ake tace ɗanyen man ya koma fetur, kananzir, dizal, man jirgin sama, gas ɗin girki da kwalta. Ma'aikacin teku yakan yi makonni a wurin aiki bai taka ƙasa ba, sannan ya dawo gida ya yi wasu makonni bai je aiki ba. Ma'aikacin matata kuwa a gari yake zaune da iyalinsa, sai dai dare da rana da ranakun salla duk ɗaya ne a jadawalinsa. Yawancin masu kwatanta ayyukan biyu da albashi suke farawa. Amma abubuwan da suka fi nuna ko mutum zai daɗe a aikin su ne yadda aikin ke raba masa lokaci, da sana'ar da ya shigo da ita, da kuma wanda ya ɗauke shi: kamfanin mai da kansa ne ko ɗan kwangila.

Asalin kalmomi

Kalmar matata ta fito ne daga aikatau tace, a bisa tsarin da Hausa ke bi wajen samar da sunan wuri, kamar yadda aka samu makaranta daga karanta, masaƙa daga saƙa, da marina daga rina. A rubutun boko kalmar ta yi daidai da matata wadda ke nufin matar mai magana. A baki ne tsawon wasalin farko da karin sauti ke raba su. Aikin teku bai samu suna guda da ya zauna ba. Gidajen rediyo kan ce haƙar mai a cikin teku, ma'aikata kuma a tsakaninsu sukan ari kalmar Turanci su ce ofsho.

Inda ayyukan suke

A Najeriya an fara samun mai mai yawa a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka kuma fara fitar da shi waje a 1958. Haƙa a ruwa mara zurfi na gaɓar Neja Delta ta fara a shekarun 1960. Ta ruwa mai zurfi kuwa sai a wannan ƙarnin ta kankama: filin Bonga na kamfanin Shell, mai nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓa a ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000, ya fara ba da mai a 2005, Erha na ExxonMobil a 2006, Agbami na Chevron a 2008, sai Egina na Total a ƙarshen 2018. A irin wannan zurfi ba a kafa dandamali mai ƙafafu. Wani ƙaton jirgin ruwa ake ɗaurewa a wuri guda, wanda ake kira FPSO a taƙaice. Shi ke karɓar man daga rijiyoyi, ya raba shi da ruwa da gas, ya adana shi har tankar dako ta zo ta kwasa.

Matatun gwamnatin Najeriya huɗu ne: tsohuwar ta Fatakwal da aka buɗe a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, da sabuwar ta Fatakwal a 1989. A takarda, duka huɗun za su iya tace ganga 445,000 a rana. A zahiri sun shafe shekaru ba sa aiki yadda ya kamata, kuma ta Kaduna, wadda ɗanyen mai ke zo mata ta bututu tun daga yankin Warri, ta daɗe a tsaye. Matatar Dangote da ke Lekki a jihar Legas, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, an ƙaddamar da ita a watan Mayun 2023, ta fara fitar da dizal da man jirgi a farkon 2024, fetur kuma a watan Satumba na wannan shekarar. Akwai kuma ƙananan matatu masu zaman kansu, kamar ta Waltersmith a jihar Imo.

A Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta da teku, zaɓin matata ne ko filin haƙa na tudu. Matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, haɗin gwiwa ce tsakanin gwamnatin Nijar da kamfanin CNPC na ƙasar Sin, kuma daga yankin Agadem ake turo mata ɗanyen mai. Cadi ma tana da matata mai irin wannan girma a Djermaya. Gana tana da duka biyun: matatar Tema tun 1963, da filin Jubilee na cikin teku da ya fara ba da mai a ƙarshen 2010.

Aikin teku

Aikin teku ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne abin da sababbin masu nema suka fi rashin sani. Akwai ɓangaren haƙa rijiya, akwai kuma ɓangaren fitar da mai daga rijiyar da aka riga aka haƙa. Injin haƙa hayarsa kamfanin mai ke yi, yana biyan kuɗi a kan kowace rana. In an gama rijiyoyin da aka yi yarjejeniya a kansu, sai injin ya tashi zuwa Angola ko wata ƙasa, ko a ajiye shi, ma'aikatansa kuma su zauna jiran kira. Jirgin FPSO ko dandamalin fitar da mai kuwa yakan yi shekara ashirin ko fiye a wuri guda, don haka aikinsa ya fi tabbas.

A ɓangaren haƙa, wanda ba shi da sana'a daga ƙasa yake farawa: ɗaure kaya ga ƙugiyar injin ɗaga kaya, kankare tsatsa, fenti, wanke daɓe. Daga nan ya koma daɓen haƙa, inda ake haɗa bututun ƙarfe ana kwancewa, aiki mai cin ƙarfi da yatsu. Sama da wannan akwai mai hawa hasumiya da kula da taɓon haƙa, sai mai riƙe da injin haƙar, sai shugaban ma'aikatan haƙa. Hawa wannan tsani yakan ɗauki shekaru da yawa. A ɓangaren fitar da mai, ma'aikatan sun fi kama da na masana'anta: masu kula da famfuna da tankunan raba mai da ruwa, makanikai, masu lantarki, masu gyaran na'urorin awo. Akwai kuma masu dafa abinci, masu wanki, jami'in lafiya da mai kula da rediyo. Dukkansu suna ƙarƙashin manaja guda wanda ikonsa a wurin kamar na kyaftin ne a jirgi.

Ana aikin ne bisa karɓa-karɓa. Tsarin da aka fi sani shi ne kwana 14 a teku da 14 a gida, ko 21 da 21, ko 28 da 28. A Norway, inda ƙungiyoyin ƙwadago ke da ƙarfi, mako biyu ake yi a teku a huta mako huɗu. Kowace rana awa 12 ce, babu Asabar babu Lahadi. Ana yawan cewa ma'aikacin teku rabin shekara kawai yake aiki, amma lissafi bai goyi bayan haka sosai ba: kwana 182 sau awa 12 ya kai awa 2,184, wanda ya ɗan haura awa 2,080 na mai aikin ofis da ke yin awa 40 a mako duk shekara. Ba a rage aikin ba, an dai tara shi wuri guda.

Ga wanda iyalinsa ke Kano ko Sakkwato, hutun yakan ragu da kwana ɗaya ko biyu a kowane zagaye, domin sai ya isa Legas, Warri ko Fatakwal kafin ya hau jirgi mai saukar ungulu ko na ruwa. In yanayi ya ɓaci, ana iya ɗage canjin ma'aikata. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, ba a barin wurin don an ga dama. Suna, ɗaurin aure da salla sukan wuce mutum yana teku, kuma da yake Musulmi ba sa jinkirta jana'iza, wanda aka yi wa rasuwa yana can ba kasafai yake riskar ta ba, ko da kamfani ya ba shi izinin fita. Masauki da abinci kyauta ne, ɗaki yawanci na mutum biyu ne ko fiye, giya haramun ce a wurin, kuma ana gwajin ƙwayoyi. Mai azumi yakan yi shi ne a cikin awa 12 na aiki a zafin teku. A wuraren da ake fargabar iskar guba, dokar tsaro kan bukaci a aske gemu a inda takunkumin numfashi ke manne wa fuska, domin gashi na hana shi kamawa da kyau. Ga wasu masu nema wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ya fi kyau a san ta kafin a sa hannu a takarda.

Aikin matata

Matata ba ta tsayawa. Ana zafafa ɗanyen mai a tanderu zuwa digiri 350 ko sama da haka a ma'aunin Salshiyos, a tura shi cikin doguwar hasumiya, inda kowane ɓangare ke rabuwa gwargwadon nauyinsa: gas a can sama, sai ruwan da ake yin fetur da shi, sai kananzir, sai dizal, mai kauri kuma ya zauna a ƙasa. Wasu sassan suna farfasa mai nauyin ya koma fetur, wasu suna cire farar wuta. Kashe waɗannan injuna da tayar da su yana cin kwanaki da kuɗi mai yawa, shi ya sa ake raba ma'aikata rukuni-rukuni suna karɓar juna, awa 8 ko 12, wani mako da rana wani da dare.

Sabon ma'aikaci yakan fara da zagayen fili: duba famfuna, karanta ma'auni, buɗe bawul da rufewa, ɗibar samfur zuwa ɗakin gwaji, da sauraron ƙarar da ba a saba ji ba. Bayan shekaru, in ya san sashensa ciki da waje, sai a mai da shi ɗakin sarrafawa, inda ake tafiyar da sashen gaba ɗaya ta allon kwamfuta. Matata ta fi dandamalin teku yawan guraben da ba na ƙarfi ba: ɗakin gwaji, binciken lafiyar bututu, sito, lodin tankoki, kashe gobara, lissafi da sayayya. Wannan ya sa mata da masu digirin kimiyyar sinadarai suka fi samun ƙofa a nan.

Duk bayan 'yan shekaru akan tsayar da sashe ko matatar baki ɗaya don gyaran garambawul. A lokacin ne ake ɗibar ɗaruruwan masu walda, masu haɗa bututu da masu kafa tsani na ɗan lokaci, kuma ta wannan hanya mutane da dama suka fara shiga. Gajiyar aikin matata ba ta fitowa fili kamar ta teku. Mutum yana gida kullum, amma sauya barci daga dare zuwa rana shekara da shekaru yana taɓa lafiya, kuma wanda ya dawo aikin dare da asuba yana bukatar barci a daidai lokacin da gidan ke tashi. Sannan dole ya tare a inda matatar take, ya biya haya da kuɗin mota na garin, abin da ma'aikacin teku bai damu da shi ba.

Haɗari

Duka ayyukan biyu zama ne kusa da abu mai kama wuta a ƙarƙashin matsi. Bambancin shi ne, a matata akwai ƙofar gudu da asibiti a gari, a teku kuwa wurin aiki da wurin kwana da hanyar tsira duk a kan ƙarfe ɗaya suke.

Haɗarin da ya fi kowanne kisa a tarihin aikin mai a teku shi ne na dandamalin Piper Alpha a Tekun Arewa, ranar 6 ga Yulin 1988, inda mutum 167 suka mutu. Da rana an cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara. Da dare, ɗaya famfon ya tsaya, ma'aikatan dare suka kunna wanda ake gyarawa ba tare da sanin halin da yake ciki ba, saboda bayanin bai kai gare su ba a lokacin miƙa aiki. Gas ya tsiyaya ya fashe. Da yawa daga cikin mamatan a ɗakunan kwana suka taru suna jiran jirgin ceto da hayaƙi ya hana sauka. Rahoton da alƙali Cullen ya fitar a 1990 ya sauya dokokin tsaro na aikin teku a Birtaniya da wasu ƙasashe. A 2010 kuma fashewar injin haƙa na Deepwater Horizon a mashigin tekun Meziko ta kashe mutum 11.

Matata ma tana da nata. Ranar 23 ga Maris 2005, a matatar BP da ke Texas City a Amurka, an cika wata hasumiya fiye da kima yayin tayar da sashe bayan gyara, man ya yi ambaliya ya kama wuta. Mutum 15 suka mutu, kusan 180 suka jikkata. Dukkan mamatan ma'aikatan 'yan kwangila ne da ke cikin ofisoshin wucin gadi da aka ajiye kusa da sashen. Masu bincike sun gano cewa wasu daga cikin masu tafiyar da sashen sun yi kusan wata guda suna aikin awa 12 babu hutun ko kwana ɗaya.

Hanyar zuwa teku ma haɗari ce a kanta. A watan Agustan 2015 wani jirgi mai saukar ungulu na kamfanin Bristow da ya taso daga wani injin haƙa ya faɗa ruwa a Oworonshoki da ke Legas, mutum 6 daga cikin 12 suka rasu. A shekarun rikicin Neja Delta an sha sace ma'aikata don neman fansa, kuma a watan Yunin 2008 mayaƙan ƙungiyar MEND sun kai hari har Bonga duk da nisansa.

Hanyar shiga

Ba a hawa dandamalin teku sai da takardar horon tsira da ake kira BOSIET, bisa ƙa'idar hukumar OPITO ta Birtaniya. Horon na kimanin kwana uku ne, ya ƙunshi kashe wuta, agajin farko, zama a kwalekwalen ceto, da fita daga samfurin jirgi mai saukar ungulu da ake kifewa a cikin ruwa mutum na ɗaure a kujera. Takardar tana aiki shekara 4. Ana kuma bukatar takardar likita. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya kashe ajiyarsa a kan BOSIET yana zaton ita ce sana'ar. Izinin hawa ce kawai. Kamfanoni da dama su ke biya wa wanda suka riga suka ɗauka.

Abin da ake saye a duka fannonin biyu shi ne sana'a mai shaida. Difloma ko digiri a injiniyan sinadarai, na injuna ko na lantarki, ko ƙwarewa a walda, haɗa bututu, gyaran na'urorin awo da tuƙin injin ɗaga kaya, su ne ke buɗe ƙofa. Cibiyar horon man fetur ta PTI da ke Effurun a jihar Delta tun farkon shekarun 1970 take horar da irin waɗannan ma'aikata, asusun PTDF kuma yana ba da tallafin karatu a fannin. Dokar ba 'yan ƙasa fifiko ta 2010, wadda ta kafa hukumar NCDMB mai hedikwata a Yenagoa, ta keɓe ƙananan muƙamai da matsakaita ga 'yan Najeriya. A aikace, guraben leburanci sukan tafi ga al'ummomin da aikin ke yankinsu, saboda haka wanda ya taso daga nesa ba tare da sana'a ba, damarsa kaɗan ce.

Ga mai sauya sana'a, abin da ya yi a baya yana da nauyi. Mai lantarki da ya yi aiki a masana'antar siminti ko tashar wuta, ko tsohon sojan ruwa, ba daga sifiri zai fara ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin banki mai shekara 35 kuwa zai koma ɗalibi, wataƙila a ƙarƙashin wanda ya girme wa, kuma daɓen haƙa ba ya sassauta wa gwiwa da baya. Akwai kuma batun inda ƙwarewar za ta kai mutum in aikin ya ƙare. Wanda ya iya tafiyar da sashen matata zai iya aiki a masana'antar taki, ta gas da ke Bonny, ta sukari ko ta siminti, zai ma iya komawa jirgin FPSO, domin famfuna da ma'aunan kusan iri ɗaya ne. Ƙwarewar daɓen haƙa kuwa ba ta da kasuwa sosai a wajen haƙar mai.

Albashi da nau'in ɗauka

A muƙami iri ɗaya, ma'aikacin teku yakan fi na matata samu, saboda alawus na zaman teku da kuma rashin kashe kuɗi a makonnin da yake can. Sai dai ratar da ke tsakanin ma'aikacin dindindin da na ɗan kwangila ta fi ratar da ke tsakanin teku da matata girma. Na dindindin yana da fansho, inshorar lafiya da albashi ko yana hutu. Na kwangila sau da yawa kwanakin da ya yi a wurin aiki kaɗai ake biyansa, ga shi kuwa kayan aikinsu ɗaya, haɗarinsu ɗaya. Ƙungiyoyin ƙwadago biyu na fannin, NUPENG ta ƙananan ma'aikata da PENGASSAN ta manya, sun daɗe suna kokawa da wannan tsari. A watan Satumban 2025 PENGASSAN ta shiga yajin aiki bayan sallamar ɗaruruwan ma'aikata a matatar Dangote. Ƙungiyar ta ce don sun shiga cikinta ne, kamfanin ya ce sake fasalin aiki ne, sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani.

Farashin mai a kasuwar duniya ya fi girgiza aikin teku. Daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014, ganga ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, aka ajiye injunan haƙa da dama aka sallami ma'aikatansu. Hakan ya sake faruwa a 2020. Ribar matata kuwa tana tsakanin kuɗin ɗanyen mai da na tataccensa, don haka faɗuwar farashi ba ta buge ta kai tsaye. Matsalar matatun gwamnati a Najeriya ta daban ce: ma'aikaci na iya karɓar albashi shekara da shekaru a sashen da ba ya aiki, ƙwarewarsa na dushewa.

Masu ɗaukar aikin ma suna sauyawa. A 2024 Eni ya sayar wa Oando kamfaninsa na tudu, ExxonMobil ya sayar wa Seplat kadarorinsa na ruwa mara zurfi, a 2025 kuma Shell ya miƙa nasa na tudu ga Renaissance. Manyan kamfanonin waje sun ja da baya zuwa ruwa mai zurfi, inda ake bukatar ma'aikata kaɗan masu ƙwarewa sosai.

Damfarar ɗaukar aiki

Saboda sunan da aikin mai ya yi wajen albashi, 'yan damfara sun mai da shi tarko. Sukan aika takardar ɗaukar aiki ta bogi mai tambarin sanannen kamfani ta WhatsApp ko Facebook, su nemi kuɗin fom, na gwajin likita ko na horo, wani lokaci da alƙawarin aiki a ƙasashen Larabawa ko Tekun Arewa. Kamfanin NNPC ya sha fitar da sanarwar nesanta kansa da irin waɗannan tallace-tallace. Manyan kamfanonin mai ba sa karɓar kuɗi daga mai neman aiki, kuma hukumar OPITO tana wallafa sunayen cibiyoyin horon da ta amince da su a shafinta na intanet.